Babi na Biyar: Haƙorin da Ke Jiran Lokacinsa

Da Zabarmanci, kalmar tondi na nufin dutse, kuma wanda ya taɓa taka ƙasar Tondikandiya ya san ba a banza sunanta ya fara da wannan kalma ba. Kwarin Dallol Boso ya ratsa ta daga arewa zuwa kudu. Cikin kwarin rairayi ne mai laushi, ga goruba, ga gawo, ruwan rijiya kuma ba shi da nisa. Amma da ka ɗaga kai sai ka hangi tuddai na jan dutse sun tsaya masa a gefe. Daga can mata ke samo duwatsun murhu, daga can magina ke ɗebo na harsashin gini. Saboda haka yaron da aka haifa a Damana, ko a ƙauyukan da ke kewaye da ita, ko can gaba a Filinge da ƙasar Kurfey, tsakanin rairayi da dutse yake koyon tafiya. In ya faɗi a rairayi, ya tashi ya karkaɗe jiki ya ci gaba. In ya faɗi a kan dutse, sau da yawa baki ne ke fara isa.

Na shaida irin wannan faɗuwa wata shekara da kaka, a gidan wata ƙanwata da ke aure a wani ƙauye kusa da Damana. La'asar ta yi sanyi, tana tsakar gida tana surfen gero, 'yarta mai shekara biyu da 'yan watanni tana bin kaza da gudu. Ƙafarta ta harɗe da igiyar akuya, ta tafi da fuska, bakinta ya sauka kan ɗaya daga cikin duwatsun murhu. Allah ya taimaka ba a hura wuta ba tukuna. Kafin uwar ta yar da taɓarya ta iso, jini ya wanke haɓar yarinyar ya gangaro kan rigarta. Da aka ɗauraye bakin aka ɗaga leɓen sama, sai ga giɓi a gurbin ɗaya daga cikin haƙoran gaba.

"Inna, haƙorin babu shi! Ya fita!" in ji ƙanwata, muryarta na rawa.

Surukarta, tsohuwa mai natsuwa da ta reni 'ya'ya da jikoki masu yawa, ta karɓi yarinyar ta rungume. Ta ce, "Yi haƙuri, 'yar nan, kada ki ƙara firgita ta. Haƙorin nono ne, dama na zubarwa ne. Wani zai fito."

Muka tona toka, muka tankaɗe rairayi, ba mu ga haƙori ba. Aka ce ta haɗiye shi. Sai bayan wata huɗu ya soma leƙowa daga cikin dasashi, a daidai gurbinsa, ya yi launin toka. Ashe bai fita ba, dutsen ne ya tura shi ciki kamar yadda ake buga turke a ƙasa. Kowa ya yi hamdala, aka manta da zancen. Shekara biyar bayan haka yarinyar ta yi famfara, haƙorin girma ya fito a wurin da tabo ruwan ƙasa a tsakiyarsa da ɗan rami a gefe, ɗan'uwansa na kusa kuwa fari tas. Yau ta zama budurwa, in za ta yi dariya sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki.

Tsohuwar ta faɗi gaskiya, wani ya fito. Sai dai shi wannan da ake jira yana nan kwance cikin ƙashi tun ranar faɗuwar, kuma dutsen da ya bugi na waje ya same shi a inda yake.

Abin da ke bayan dasashi

Haƙoran nono guda 20 ne, 10 a sama, 10 a ƙasa. Tun yaro yana ciki suke fara ginuwa. Na farko, galibi biyun gaba na ƙasa, sukan tsago wajen wata 6, kuma kafin yaro ya cika shekara 3 duk sun kammala. Famfara na farawa wajen shekara 6, ba ta ƙarewa sai wajen shekara 12. Ke nan turamen can ciki sukan yi wa yaro aiki kusan shekara 10. Abin da zai yi shekara 10 yana tauna wa mutum abinci ya wuce a kira shi na zubarwa.

Da su yaro ke barin nono ya kama tuwo. A ƙasarmu, inda lokacin yaye yake da haɗari ga lafiyar yara, yaron da ciwon baki ya hana shi cin abinci kwana uku ya yi asara babba. A kansu harshe ke jingina sa'ad da yaro ke koyon fitar da kalmomi. Su ne kuma ke riƙe wa haƙoran girma wuri. In turmi ya fita kafin lokacinsa, maƙwabtansa sukan matso su cinye filin, na girma ya zo ya rasa inda zai tsaya, sai ya fito a karkace ko ya hau kan wani.

Babban dalilin kuwa shi ne abin da ya sami 'yar ƙanwata. Haƙoran girma na gaba sukan fara yin tauri tun jariri yana wata 3 zuwa 4, kuma farin ɓawon da ke lulluɓe da su ba ya gama ginuwa sai yaro ya kai shekara 4 zuwa 5. Duk tsawon wannan lokaci suna cikin ƙashin muƙamuƙi, dab da bakin saiwar haƙorin nono. Sabon haƙori a wannan mataki kamar tukunya yake wadda maginiya ta gama ginawa ba ta kai ta wuta ba. In yatsa ya dangwale ta, da tabon za ta gasu, da shi za ta tsufa. In aka tura haƙorin nono ciki, saiwarsa na iya sokar wannan ɗanyen haƙori. Bayan shekaru sai ya fito da tabo fari ko rawaya ko ruwan ƙasa, ko da rami, ko a tanƙware, wani ya makara, wani ma ya ƙi fitowa sam. Gwargwadon ƙanƙantar yaro ranar da ya ji raunin, gwargwadon girman haɗarin. Ƙashin yaro kuma taushi gare shi, shi ya sa in babba ya faɗi haƙorinsa kan karye, yaro kuwa nasa kan girgiɗe, ko ya goce, ko ya nutse ciki, ko ya tumɓuke ɗungurungum.

Da yawa daga cikin wannan ilimi an same shi ne ta hannun wani likitan haƙori ɗan ƙasar Danmak, Jens Andreasen, wanda ya yi aiki a babban asibitin birnin Kofanhagan. Ya riƙa bin yaran da suka ji rauni a baki shekara da shekaru, yana lura da yadda haƙoransu na girma suka fito. Littafinsa kan raunin haƙora ya fara fita a 1972, shi kuma ya rasu a 2020. A 2018 wasu masana uku, Stefano Petti da Ulf Glendor da Lars Andersson, sun tattara binciken ƙasashe da dama, suka gano cewa kashi 22.7 cikin 100 na yara sun taɓa jin rauni a haƙoran nono, wato kimanin yara miliyan 180 'yan shekara 1 zuwa 6 a duniya. Cikin yara biyar da ke wasa a ƙofar gida, ɗaya ko fiye. Haƙoran da suka fi shan bugu kuwa su ne biyun gaba na sama, waɗanda ake fara gani in yaro ya yi murmushi.

Inda ake faɗuwa

Shekarun da suka fi haɗari su ne daga 1 zuwa 3, lokacin da yaro ya bar rarrafe ya kama tatata, kansa ya yi wa jikinsa nauyi, hannunsa kuma bai iya tare faɗuwa ba tukuna. Ba mai iya hana yaro faɗuwa, da faɗuwa ake koyon tafiya. Abin da ke hannunmu shi ne abin da zai faɗa a kai.

Ina roƙon kowace uwa da kowane uba su durƙusa sau ɗaya a tsakar gidansu, su kalli gidan daga tsayin ɗan shekara biyu. Za su ga duwatsun murhu, da turmin da aka kwantar, da dutsen niƙa, da turken akuya da igiyarsa, da bakin daro, da ƙafar gadon ƙarfe, da dokin ƙofa na siminti, da hauya da gatarin da aka jingine bayan an dawo daga gona. Kusan dukansu tsayinsu ɗaya da bakinsa. Gyaran bai kai na kuɗi ba. A ja wa murhu 'yar guntuwar katanga ta laka. A mayar da turke lungu. Kayan gona su shiga ɗaki ko su hau rumfa. A ware wa yara wuri mai rairayi a inuwa, a riƙa tsince shi. Jaririn da ya fara juyi kuma a shimfiɗa masa a ƙasa cikin gidan sauro, kada a bar shi shi kaɗai a kan dogon gado.

Sai goyo. A gidajenmu yarinya 'yar shekara 6 ko 7 ita ce mataimakiyar uwa, ita ke goyon ƙanenta yayin da uwa ke daka ko ta tafi itace. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma bayanta ƙarami ne, ɗaurinta kuma ba ya da ƙarfi. Ta sunkuya ɗaukar guga, ko ƙawaye su kira ta ta ruga, sai zani ya kwance. Laifin ba nata ba ne. Babba ce ya kamata ta ɗaura mata, ta ƙara da majanyi, ta kuma gaya mata sarai cewa da goyo ba a gudu, ba a tsalle, ba a zuwa bakin rijiya, inda siminti ke da santsi kullum.

Ranar kasuwa ma tana da nata. Wanda ya bi hanyar Baleyara ranar Lahadi ya ga amalanken jaki cike da mata da yara da buhuna. Wurin ƙaramin yaro shi ne tsakiya, a cinyar babba, domin jaki in ya zabura na gefe ne ke fara faɗowa. A kan babur kuwa an saba ɗora yaro a kan tanki gaban mai tuƙi, fuskarsa daidai ƙarfen kan babur. Birki ɗaya ya isa. Haka nan ƙasar kiwo ce, yaro na tashi cikin dabbobi, to a koya masa tun da wuri cewa ba a tsayawa bayan jaki, ba a wasa da ragon da ke tunkuyi, ba a matsar saniya mai sabon maraƙi.

Akwai kuma abin da yaro ke sawa a baki. Gudu da cokali ko kara ko tsinke ko buroshi a baki yakan mai da ƙaramar faɗuwa babban rauni, har ya huda ganɗa. Goriba da ƙwallon aduwa da busasshiyar aya da ƙashi sun fi ƙarfin haƙorin ɗan shekara biyu, ga kuma haɗarin shaƙewa. Haƙorin da tsutsa ta riga ta ci shi ya fi saurin karyewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran nono. Alawa da biskit da lemon kwalba da shayi mai sukari sun iso kowane tebur na ƙauye. Tun ranar da haƙori na farko ya tsago a fara goge shi safe da dare, da tattausan asuwaki ko ƙaramin buroshi, da man goge baki mai sinadarin fulorayid. Ga ɗan ƙasa da shekara 3, kamar ƙwayar shinkafa ya isa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake. Yaron da ya wuce shekara 3 yana tsotsar yatsa a lallashe shi ya bari, domin tsotson na turo haƙoran sama waje, haƙorin da ya turo kuwa shi ke fara gamuwa da ƙasa.

Raunin da hannunmu ke yi

Wannan sashe ya fi min nauyi, domin masu yin abin masoyan yaron ne, kuma da niyyar ceto suke yi.

Na farko ɗura. Yaro ya ƙi kunu ko magani, sai a danne shi a cinya, a toshe hanci, a tura cokalin ƙarfe tsakanin haƙora. Yana fizge kai, cokali na bugun dasashi. Ban da haƙorin da ke girgiɗewa, kunun na iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu. Haƙuri ya fi: a zaunar da shi, a ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa, ta gefen kumatu.

Na biyu shi ne cokalin jijjiga. Da damina ta kankama, zazzaɓin cizon sauro yakan yi tsanani, wasu yara jikinsu ya ɗauki zafi har su fara taune-taune. Wanda ya taɓa kasancewa a irin wannan dare ba ya mantawa. Yaro ya sandare, ido ya kafe, muƙamuƙi ya datse, uwa na salati, sai ka ji wani ya ce, "A kawo cokali, kada ya haɗiye harshensa!" A naɗe cokali da tsumma, wani lokaci ko naɗewar ba a samu ba, a ɓamɓare haƙoran da ƙarfi. Da gari ya waye jijjiga ta wuce, haƙora biyu sun tafi. Mutum ba ya haɗiye harshensa, domin a ɗaure yake da ƙasan baki. In ma ya cije shi, harshe na warkewa cikin 'yan kwanaki. Haƙorin da cokali ya karya kuwa yana iya faɗawa maƙogwaro ya toshe numfashi. Abin yi shi ne a kwantar da yaron a gefensa a kan tabarma, a kawar da duk abu mai tauri daga kusa da shi, a sassauta masa tufafi, kada a sa komai a bakinsa, ko ruwa ko rubutu ko magani, sai ya farfaɗo sosai, sannan a garzaya da shi likita. Haka ake yi wa mai farfaɗiya ma. Tun 2013 Nijar ta fara rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a lokacin damina ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5. Uwar da ta tabbatar ɗanta ya shanye wannan magani, ya kuma kwana cikin gidan sauro, ta rage yiwuwar zuwan wannan dare tun daga tushe.

Na uku mari. Tafin hannun babba ya fi fuskar ɗan shekara uku faɗi. Duk abin da yaro ya yi, fuska da baki ba wurin horo ba ne, kuma addininmu ma ya hana dukan fuska.

Na huɗu ƙarfe a dasashi. Mun saba in jariri ɗan wata 6 ya yi gudawa ko zazzaɓi a ce "haƙori ne". Fitar haƙori na sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, amma ba ya kawo gudawa mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne a daidai wannan lokaci yaro ke fara rarrafe, yana kai komai baki, ana kuma fara ba shi ruwa da abinci. A wasu ƙasashen gabashin Afirka, irin su Yuganda da Kenya da Tanzaniya, wannan zato ya kai mutane ga tsaga dasashin jarirai suna ƙwaƙulo ɗanyun fiƙoƙi, abin da ke jawo zubar jini da shigar cuta da lalacewar haƙoran girma. Darasin ya shafe mu. Aska ko allura ko tsinke ba su da aiki a dasashin jariri. Yatsa mai tsabta ya isa a murza masa, zazzaɓi da gudawa kuwa a kai su likita da sunansu.

In abin ya riga ya faru

Jinin baki yana da ban tsoro domin yana gauraya da yawu ya yi kamar ya fi yadda yake. Uwa ta fara natsuwa, yaro daga fuskarta yake karanta girman abin.

Kafin a duba haƙori a duba kai. In yaron ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko barci na fizgarsa ba a lokacinsa ba, ko bai gane mutane, ko ya kasa buɗe baki ko rufe shi daidai, maganar ta wuce ta haƙori, a tafi likita nan take. In babu waɗannan, a wanke hannu da sabulu, a ɗauraye bakin da ruwa mai tsabta, a danna wurin da ke jini da tsumma mai tsabta kamar minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. Tsumman da aka jiƙa da ruwan randa mai sanyi yana rage kumburin leɓe. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko kanwa, ko garin taba, ko dakakkiyar ƙwayar magani a kan ciwon.

Sannan a ƙirga haƙora, a nemi wanda ya ɓata. In an same shi a ƙasa, to an huta. In ba a gan shi ba, wuri huɗu ne: ko ya nutse cikin dasashi, ko guntunsa ya shige cikin leɓe, ko an haɗiye shi, ko ya bi hanyar numfashi. Haɗiyewa ba ta da illa, zai fita da kansa. Amma yaron da ya kama tari ko numfashinsa ya canza bayan haƙori ya ɓace, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ga ƙa'idar da nake so kowa ya riƙe. Haƙorin nono in ya fita, ba a mayar da shi. Wannan ita ce matsayar ƙungiyar likitocin raunin haƙora ta duniya a jagorar da ta fitar a 2020. Mayar da shi na iya sokar na girma da ke ƙasa, ya kuma shigar da cuta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya nutse ciki ma ba a jawo shi, galibi yakan sauko da kansa cikin wata 6, wani har shekara. Wanda ya girgiɗe a bar shi, kada a yi ta taɓawa ana gwadawa.

Haƙorin girma kuwa hukuncinsa daban ne. In yaro ɗan shekara 7 ko 8 ya faɗi, babban haƙorinsa na gaba ya tumɓuke, minti kaɗan ne ke raba samu da rashi. A riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, a ɗauraye shi da madara in ya yi datti, a mayar da shi gurbinsa, yaron ya cije tsumma, a tafi likita. In ba a iya mayarwa ba, a tsoma shi cikin sabuwar madara, ba nono mai tsami ba, ko yaron ya tofa yawunsa a ƙoƙo a sa shi ciki. Kada a naɗe shi a takarda, kada a jiƙa shi a ruwa. In ya bushe har awa ɗaya, ƙwayoyin rai da ke jikin saiwar sun mutu. A ƙasar kiwo irin tamu, madara ba ta cika wuyar samu ba. Yadda ake bambance haƙorin nono da na girma kuwa: yaro ƙasa da shekara 5 duk haƙoransa na gaba na nono ne, na girma ya fi faɗi, ya fi doguwar saiwa, farinsa ya ɗan yi rawaya, bakinsa kuma yakan yi 'yan tsage-tsage in sabo ne. In an yi shakka, a sa a madara a tafi da shi.

Bayan jini ya tsaya

Mako guda a ba yaro abinci mai laushi, kunu da koko da fura da tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa. A riƙa share wurin a hankali da auduga ko tattausan buroshi bayan cin abinci. Don zafi, farasitamol gwargwadon nauyinsa ya isa, asfirin ba na yara ba ne. A ɗauko katin rigakafi a duba, domin allurar da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14 tana ɗauke da kariyar cutar sandarewar jiki da ke shiga ta raunin da ya taɓa ƙasa.

Daga nan sai sa ido na watanni. Haƙorin da ya bugu yakan canza launi, ya yi toka ko rawaya, kuma wannan kaɗai ba dalilin cire shi ba ne. Abin da ke nuna ya ruɓe daga ciki shi ne ɗan ƙurji a dasashi sama da haƙorin, ko mugunya, ko kumburin leɓe da fuska, ko zafin da ke hana barci, ko zazzaɓi. Mugunyar da ta taru a bakin saiwa tana kwance ne a kan haƙorin girma, don haka ba a jiran ta fashe da kanta.

Kowa ya san nisan likitan haƙori daga ƙauyukanmu. Daga Filinge zuwa Yamai kusan kilomita 180 ne, rashin tsaro kuma ya ƙara wa tafiya wuya a shekarun nan. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a yankinta na Afirka likitocin haƙori kimanin 3 ne ga kowane mutum 100,000, mafi yawansu kuma a manyan birane suke. Duk da haka ƙofa ba a rufe take ba. Ma'aikacin jinya na cibiyar lafiya (CSI) mafi kusa yana iya duba kai, ya wanke rauni, ya ba da magani, ya kuma san wanda ya kamata a tura asibitin gunduma na Filinge ko babban asibitin ƙasa na Yamai. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa duba lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a cibiyoyinta. Haƙƙin yaro ne, a je a nema masa. In an je kuma a faɗi ranar da abin ya faru da yadda ya faru, a sa a rubuta a katinsa, domin bayan shekara biyar wannan rubutu zai yi amfani.

Wannan nisa shi ya sa aikin ya dawo tsakar gida, hannun uwa da kaka da yaya mai goyo. Na koma gidan ƙanwata shekaru bayan famfarar 'yarta, na tarar an ja wa murhu katanga har gwiwa, turken akuya ya koma bayan rumbu. Aka ce mini tsohuwar ce ta sa aka yi, tun ranar da ta ga tabon a sabon haƙorin jikarta ta tuna da dutsen. Ina zaune sai wani ƙaramin jikanta ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa ya fasa kuka. Uwarsa ta ɗaga shi tana karkaɗe masa ƙura, tana cewa ba komai. Tsohuwar ta ajiye carbinta ta miƙa hannu biyu.

"Kawo shi nan, 'yar nan," in ji ta. "Ɗaga mini leɓen mu gani."